Kafin Ki Miƙa wa Sadiƙ Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Hajara, Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mustafa da abokina Sadiƙ. Allah ya sauke ku Houston lafiya, ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da naki. Kin dai san kunyar ɗan fari. A garinmu uba ba ya ko kama sunan 'yarsa ta fari, balle ke da kika ci sunan mahaifiyata. Na tsallako teku da wannan kunyar, ban bar ta a Katsina ba. Wankan gidan da kika zo ya zarce shekara biyu saboda karatun Mustafa, kullum muna cin abinci a tebur ɗaya, amma ban taɓa zaunar da ke na faɗi abin da ke raina ba. Yanzu akwatuna sun cika falo, in ban rubuta ba, zai tafi a haka.

Ranar Asabar ina zaune kina naɗe kaya, Sadiƙ yana kuka yana jan zanenki. Kika zaro waya kika miƙa masa ba ki ko dube shi ba. Nan take ya yi tsit, ɗan yatsansa ya kama hanya kamar wanda ya shekara yana aikin. Ban ga laifinki ba, Mamana. Kaina na gani. A hannuna kika koyi wannan miƙawar.

Ban sani ba ko kina tuna gidan hayar da muka fara zama a East Greensboro, na saman bene, kusa da jami'a, wanda ake jin waƙar cocin da ke tsallaken titi duk ranar Lahadi. Lokacin Ummanki tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ni kuma ina fama da rubutun digirina. Ke ce a hannuna da rana. Dabarata ita ce in shimfiɗa miki bargo a ƙasa, in ɗora tsohuwar laptop ɗina a gabanki, in kunna bidiyon yara, in juya miki baya. Kina cewa, "Baba, look," ina cewa, "Ina zuwa." Ban cika zuwa ba. Har alfahari nake yi a masallaci cewa 'yata ba ta da rigima.

Sai kika fara ƙin shiga banɗaki ke kaɗai. Kika fara fitsarin kwance bayan kin daɗe da dainawa. Ummanki ta yi ta miki tofi, muka sa aka yi mana rubutu a gida aka aiko. Sai da aka yi makonni, wata rana tana tsefe miki kai, kika gaya mata cewa zomon nan da kike kallo an yanke masa kai, jini ya cika bahon wanka. Ashe wasu marasa imani ke ɗaukar zanen da yara suka saba da shi su mayar da shi abin tsoro, kuma in bidiyo ɗaya ya ƙare wani ne ke biyo baya da kansa. Ina cikin ɗakin aka nuna miki. Tsakanina da ke bai kai taku uku ba.

Don haka ba zan ce miki kada Sadiƙ ya taɓa waya ba, ƙarya ce, a cikinta aka haife shi. Abin da nake roƙo, kada ta zama ita ce mai renonsa. In za ki kunna masa abu, ke za ki zaɓa, kuma ki kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa. Ki zauna kusa da shi ko na ɗan lokaci ne, ki tambaye shi wane ne wannan, me ya sa yake gudu. In ya ce ki duba, ki duba. Aikin da na ƙi ɗagowa dominsa yana cikin kwali a gareji, ɓeraye sun ci gefensa.

Na biyu ya fi wannan yi mini ciwo, don da dariya na aikata shi.

Kina da shekara tara, da Babbar Sallah, na ce ki tsaya in ɗauke ki bidiyo ki gaishe da Hajiya takwararki. Kika sa atamfarki shuɗiya, kika durƙusa kamar yadda Ummanki ta koya miki, kika buɗe baki za ki ce sannu da hutawa, sai kika ce, "Hajiya, sannu da mutuwa." Na yi dariya har wayar na rawa a hannuna. Kika gane kin yi kuskure, kika ce da Turanci in goge mu sake. Na ce to. Muka sake, kika faɗa daidai. Amma na farkon na tura group ɗin 'yan uwa, don shi ne mai ban dariya.

Hajiya, Allah ya jiƙanta, ba ta ji haushi ba, cewa ta yi ai gaskiya kika faɗa, kowa can za shi. Amma bidiyon bai tsaya a kanta ba. Daga group ɗinmu ya faɗa na surukai, daga nan ya fita inda ban san kowa ba. Da muka je gida bayan shekara biyu, tun a zaure 'ya'yan baffanki suka tarbe ki da "ga Sannu-da-mutuwa ta zo". Wata mata da ba danginmu ba ta gane ki a gidan biki, ta kira ƙawayenta su zo su gani. Na ga lokacin da fuskarki ta canza. Daga wannan tafiyar kika rufe bakinki da Hausa. A yi miki magana da ita, ki amsa da Turanci. Na yi ta faɗa, ina cewa yaran ƙasar nan sun raina harshen iyayensu, ina ɗora laifin a kan makaranta da talabijin. Sai da kika shiga jami'a, ranar da Ummanki ta tayar da zancen a kicin, kika ce, "Na ce ya goge, ya ce to." Kika ci gaba da yanka albasa. Ni kuma ina bakin ƙofa, ba ku san na shigo ba, na koma da baya.

Mamana, hoton yaro amana ne. Yau ba shi da bakin da zai ce a'a, amma wata rana zai girma ya tarar da abin da aka baza a kansa. Kukansa, tsiraicinsa a wurin wanka, kuskuren bakinsa, faɗuwarsa, ki bar su a cikin gida. Kafin ki tura, ki tambayi kanki ko zai so abokan ajinsa su gani yana ɗan shekara goma sha biyar. In ya yi wayo, shi za ki tambaya, in ya ce a'a ki bari. Yaron da aka saba neman izininsa kafin a yaɗa hotonsa, shi ne zai san neman izinin wani. Kuma in kin ce masa kin goge, ki tabbata kin goge.

Bayan mun koma McLeansville na ɗauka na gama tsare ki. Gida a tsakiyar fili, maƙwabci mafi kusa sai ka ɗaga murya kafin ya ji, ba mai zuwa sai da mota. Na kafa dokar ba kwana gidan ƙawa, ba fita bayan magariba. Ƙofar gida nake gadi, ban san akwai wata ƙofar a cikin ɗakinki ba.

Kina aji bakwai kika same ni a bayan gida ina ban ruwan yakuwa da kuɓewar Ummanki, tablet a hannunki. Kika ce akwai wata yarinya da kuke hira a wani dandalin masu zane, ta ce shekarunta ɗaya da naki, tana yabon dawakan da kike zanawa. Yanzu ta fara tambayar sunan makarantarku, da lokacin da bas ke sauke ki, ta kuma ce ki turo hotonki ba ɗankwali, kada ki gaya wa kowa. Kika ce, "Baba, ban tura ba. Amma jikina bai ba ni ba."

Yau na san abin da ya kamata in ce. Ya kamata in ce Allah ya yi miki albarka, kin yi hankali, zo mu zauna mu gani. Abin da na yi kuwa, na jefar da tiyon ruwan, na fizge tablet ɗin, na ɗaga murya har Ummanki ta fito da ludayi a hannu. Wa ya ba ki izinin hira da baƙi? Haka aka rene ki? Na kulle shi a durowa wata guda. Mutumin kuwa, don na tabbata babban mutum ne ba yarinya ba, ban kai ƙararsa ko'ina ba, ban sanar da makaranta ba, ban ko ajiye saƙonnin ba. Tsoro ne ya kama ni, sai ya fito a siffar fushi, ya sauka a kan wadda ta kawo mini gaskiya. Shi ya tafi abinsa, wataƙila wurin 'yar wani.

Na ga sakamakon bayan shekara uku. Kin rame, kina tsakurar abinci, in bas ya sauke ki sai ɗaki. Muka ce girma ne. Sai aka kira ni daga makaranta, matar da ke ba ɗalibai shawara ta zaunar da ni ta juyo mini da allon kwamfutarta. Wasu 'yan ajinku sun buɗe shafi da sunanki, suna ɗaukar ki hoto a ɓoye a wurin cin abinci, suna rubuta abubuwa a kan hijabinki da ba zan maimaita ba. Tun farkon zango ake yi. Wata malama ce ta gani, ba ke kika faɗa ba.

Da na ɗauko ki muka fito, ban nufi gida ba. Na yi ta tuƙi har muka kai Summerfield, na tsaya a gefen wani shinge inda dawaki ke kiwo, don na san kina son su. Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ba ki dube ni ba. Kika ce da Turanci, "Da na faɗa, wayata za ka ƙwace. Su kuma su ci gaba, ni kaɗai ce ba zan ga abin da suke cewa ba."

A nan ma ban ba ki haƙuri ba. Cewa na yi mu tafi kada la'asar ta wuce.

Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Ranar da Sadiƙ zai zo miki da wani abu da ya gani ko aka aiko masa, komai muninsa, ki haɗiye tsoronki tukuna. Ki fara da gode masa da ya faɗa. Kada hukunci ya biyo bayan gaskiya, in ba haka ba gaskiyar ce za ta daina zuwa. Tun yana ƙarami ki gaya masa a fili, ba da kwana-kwana irin namu ba, cewa akwai manya masu shigar yara, kuma duk wanda ya ce kada ka gaya wa Mama, to a ranar za ka gaya wa Mama. Ki koya masa cewa sunan makaranta da adireshin gida da hoton jiki ba abin ba baƙo ba ne. In abu ya faru, ki ajiye shaida, ki kai inda ya dace, kada kunyar mutane ta sa ki rufe. Dokoki kuwa ku kafa su tare, ya san dalilin kowace, kuma ta hau kanki ke ma. In an ce ba waya a wurin cin abinci, har taki da ta Mustafa.

Saura maganar Hajiya Zalika. Na san kin fi ni tuna ta, don 'yarta Nana ce ƙawar da kika samu bayan wancan tashin hankalin.

Matar nan ta zo daga Damagaram, mijinta ya rasu a nan, da girki take riƙe da 'ya'yanta. Duk wani suna ko walima a Greensboro, waina da dambun Zalika ne. Wata safiya ina cikin mota a wurin ajiye motoci na wurin aiki, saƙon murya ya shigo daga wani da na sani sama-sama. Wata mata ce ke magana, ba ta faɗi sunanta ba, tana rantsuwa cewa an ga Zalika tana sayen naman da ba yankan Musulmi ba tana dafa wa mutane. Ban kira Zalika ba, ga lambarta a wayata. Ban tambayi wanda ya turo mini wace ce mai maganar ba. Na tura group ɗin masallaci, na rubuta a ƙasa, "A yi hattara." Na kulle mota na shiga ofis ina jin na yi aikin lada.

Da wani ne ya tura, da wataƙila an yi shakka. Amma ni ne na tura, Dakta, mai yi wa mutane nasiha bayan sallar Juma'a. Kafin wata ya ƙare an janye mata bukukuwan da aka riga aka ba ta.

Ke kika tare ni a falo. Nana ta kira ki tana kuka. Kika ce, "Baba, ka bincika kafin ka tura?"

Na ce, "Gargaɗi kawai na yi, ban ce ta aikata ba."

Kika ce, "Haka 'yan ajinmu suka ce. Wai su ba su rubuta ba, turawa kawai suka yi."

Ban taɓa jin maganar da ta zaunar da ni kamar wannan ba. Daga baya ta bayyana cewa wata ce da suka samu saɓani ta shirya abin, mai shagon da Zalika ke sayen nama kuma ya tsaya a gaban jama'a ya wanke ta. Na ɗauki Ummanki muka je gidanta. Ta shimfiɗa mana darduma, ta kawo ruwa da dabino, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, da ɗan Faransancin nan na mutanen Damagaram, "Bon, Malam, ni na yafe, duniya da lahira. To amma waɗanda suka ji, wa zai bi su gida-gida?"

Na rubuta gyara a group ɗin, na ce na yi kuskure. Mutum uku ko huɗu suka amsa da Allah ya kyauta. Ƙaryar ta zaga har wasu jihohi, gyaran bai fita daga inda na ajiye shi ba. Kasuwarta ba ta dawo ba, kafin shekara ta kwashe yaranta ta koma wurin ƙaninta a Ohio. Ranar da suka tafi kin tsaya a bakin titi har motar ta ɓace. Ni na raba ki da ƙawarki, da yatsa ɗaya, ina zaune a mota.

Yaro ba ya koyon kirki daga wa'azi, Mamana, hannunki yake kallo. In Sadiƙ ya ga kina dariyar bidiyon da aka tozarta wani, ya koya. In ya ji kin ce, bari mu tambaya tukuna ko gaskiya ne, shi ma ya koya. Ki nuna masa cewa a bayan kowane hoto akwai mutum mai uwa da uba, mai jin ciwo kamarsa. Abin da ba zai iya faɗa wa mutum ido da ido ba, kada ya rubuta. Wanda ya tura da wanda ya ƙirƙira, tare za su amsa a gaban Allah. In kuma ya ga an taru a kan wani, ko bai iya tsawatarwa ba, ya je gefe ya ce wa wanda ake zalunta, ina tare da kai. Kin san darajar wannan fiye da ni. In shi ne ya yi laifin, kada ki kare shi don naki ne. Ki kama hannunsa ku je ya ba da haƙuri, da wuri, tun kafin abin ya yi nisa.

Ba na cewa ba za ki yi naki kuskuren ba. Abubuwan da za su zo a zamaninsa, ni da ke ba mu san kamarsu ba. Yanzu ma ana haɗa muryar mutum da fuskarsa a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Zai fi ki sanin na'urar, kamar yadda kika fi ni, kada wannan ya ba ki kunya. Ki ce ya koya miki, yara suna son a tambaye su. Amma in kin yi masa ba daidai ba, ki ba shi haƙuri a ranar, da bakinki. Girmanki ba zai ragu ba. Ni na ɗauka zai ragu, shi ya sa nawa ya yi shekaru a maƙoshi.

To ga shi yau. Ki yafe mini, Hajara. Na rubuta sunan da hannuna, Allah ya sa Hajiya takwararki ta yi mini uzuri. Kin tashi mutuniyar kirki, mai tausayi, mai tsayawa a kan gaskiya, kuma na san da yawa daga cikin wannan ba ni na ba ki ba, Allah ne ya ba ki, da ƙoƙarin Ummanki. Ba sai kin ba ni amsa ba. In kin yafe a zuciyarki ya ishe ni.

Gobe a filin jirgi ba zan yi doguwar magana ba, kin san halina. Zan ɗauki abokina in sauke, in ce Allah ya kiyaye hanya, in juya in ce zan je in duba mota. Kada ki ɗauka sauri nake yi.

Allah ya tsare ku a sama da ƙasa, ya tsare gabanku da bayanku. Allah ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, ya sanya ƙauna da haƙuri tsakaninki da Mustafa. Allah ya raya Sadiƙ bisa tafarki na gari, ya kare idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ya kare mutane daga hannunsa da harshensa, ya kare shi daga nasu. Allah ya sa ki fi ni iya reno, ya yi miki albarka, ya sada mu da alheri.

Ki gaishe da Mustafa, ki ce amana ce na ba shi har biyu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Baba